Idan Na'ura Ta Yi Ɓarna, Wa Za A Kama?

Tun kaka da kakanni Bahaushe yana cewa gani ya kori ji. Idan gardama ta tashi a kasuwa ko a gaban alƙali, wanda ya ce da idonsa ya gani shi ne yake rufe bakin kowa. A zamaninmu wannan karin magana ya fara rasa ƙarfinsa. A watan Maris na 2023 wani hoton marigayi Paparoma Faransis, sanye da farar rigar sanyi mai kumburi irin ta 'yan gayu, ya zaga duniya, mutane da yawa kuma suka gaskata, alhali kuwa bai taɓa sa wannan riga ba. Na'ura ce ta zana hoton. Wannan dai abin murmushi ne. Amma a farkon 2024, a birnin Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskar shugaban sashen kuɗi da fuskokin abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya bi umarnin da aka ba shi ya tura kimanin dala miliyan 25. Ashe babu ko ɗaya daga cikinsu a wurin taron. 'Yan damfara ne suka haɗa fuskokin da muryoyin da na'ura.

Wannan fasaha ita ce ake kira ƙirƙirarriyar basira, musamman irin wadda take samar da rubutu da hoto da murya da bidiyo. Tun ranar 30 ga Nuwamba 2022, da kamfanin OpenAI na Amurka ya buɗe wa jama'a ChatGPT, gwamnatocin duniya suke ta muhawara a kan yadda za a sa mata linzami. Tambayar da muke so mu yi tunani a kai ita ce, shin hukuma tana da haƙƙi ta shiga wannan magana? In tana da shi, me ya kamata dokarta ta bi, a ina kuma ya kamata ta tsaya?

Abin da na'urar take yi

Kafin a yanke hukunci a kan abu, sai a san shi. Masu ƙera waɗannan na'urori sukan tara rubuce-rubuce masu yawan gaske daga littattafai da jaridu da intanet, su ɗura wa manyan kwamfutoci. Daga cikin wannan tari na'urar take koyon wace kalma ce ta saba bin wace. Idan aka yi mata tambaya, sai ta riƙa jera kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tana zaɓen wadda lissafi ya nuna ta fi dacewa. Haka ma hoto da murya. Ɗan gajeren sautin mutum ya isa ta kwaikwayi muryarsa, ta sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

Amfaninta ba ɓoyayye ba ne. Tana taimakon ɗalibi ya fahimci darasi, tana fassara wasiƙa, tana rage wa ma'aikaci wahalar rubutu. Sai dai ba ta san gaskiya ba, ba ta kuma san ƙarya ba. Da murya ɗaya take faɗin dukansu, ba tare da ɗar ba. A watan Yuni na 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000, domin sun miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da tsofaffin shari'o'in da ba a taɓa yi ba. ChatGPT ce ta ƙago su, su kuma ba su bincika ba. Mu lura da wanda alƙali ya hukunta. Bai kira na'ura gabansa ba, gama ba ta da lamiri da zai dame ta, ba ta da kunya, ba ta da aljihun da za ta biya tara. Mutanen da suka sa hannu a takardar su ne suka amsa.

Darasin bijimi mai tunkuyi

A nan ne zuciyar maganar take. A Littafin Fitowa, sura ta 21, akwai wata tsohuwar doka game da bijimin da ya tunkuyi mutum. Idan abin ya faru ba zato, ba a ɗora wa mai bijimin laifin jini. Amma idan an san bijimin da halin tunkuyi, an kuma gargaɗi mai shi amma ya ƙi tsare shi, to alhakin ya koma kansa. Mu ma a ƙauyukanmu mun san wannan. Idan akuya ta shiga gonar maƙwabci ta yi ɓarna, ba akuyar ake kai wa mai unguwa ƙara ba. Mai ita ake nema. Hikimar da ke ciki ita ce, duk abin da yake da ƙarfin cutarwa amma ba shi da hankalin ɗaukar alhaki, dole a sami mutum a bayansa wanda zai amsa.

Wahalar da ke tattare da ƙirƙirarriyar basira ita ce bijimin yana da iyayengiji da yawa. Akwai kamfanin da ya ƙera na'urar. Akwai banki ko asibiti ko makaranta ko ma'aikatar da ta ɗauke ta ta sa a aikinta. Akwai kuma mutumin da ya zauna da wayarsa ya ba ta umarni. Idan ɓarna ta auku, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa. Mai ƙerawa ya ce shi kayan aiki kawai ya sayar, kamar maƙerin da ya ƙera wuƙa. Mai ɗauka ya ce shi bai san abin da ke cikinta ba. Mai amfani ya ce na'ura ce ta faɗa masa. A ƙarshe wanda aka cuta ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wannan ba zato ba ne, ya riga ya faru. A ƙasar Kanada wani matafiyi da kakarsa ta rasu ya tambayi na'urar amsa tambayoyi ta kamfanin jiragen sama na Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu zuwa jana'iza. Na'urar ta gaya masa zai iya sayen tikiti ya nemi rangwamen daga baya, abin da ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin. Da ya nemi kuɗinsa aka hana shi. A gaban shari'a kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa na'urar ita ce ke da alhakin maganarta. A watan Fabrairu na 2024 kotun ta ƙi wannan hujja, ta umarci kamfanin ya biya. Kuɗin ba su da yawa, amma darasin babba ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya rage ma'aikata ya ci ribar na'ura ba shi da bakin cewa ba ruwansa da abin da ta faɗa.

Saboda haka muna ganin aikin farko na kowace doka a wannan fage shi ne ta toshe wannan kafa ta gudun alhaki. Ta faɗa ɓaro-ɓaro abin da ke wuyan mai ƙerawa, da abin da ke wuyan mai ɗauka, da abin da ke wuyan mai amfani, ta kuma nuna wa talaka inda zai kai kuka. Takardar da Fadar Paparoma ta fitar a watan Janairu na 2025 mai suna Antiqua et Nova ta tsaya a kan wannan tushe, wato mutum ne kaɗai mai 'yancin zaɓi da lamiri, don haka alhakin abin da na'ura ta aikata yana komawa kan mutane.

Hanyoyi uku da manyan ƙasashe suka bi

Tarayyar Turai ta bi hanyar cikakkiyar doka. Majalisarta ta amince da ita a watan Maris na 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta na wannan shekara, aka kuma tsara sassanta su riƙa shiga aiki mataki-mataki. Dokar ta auna ayyukan na'ura bisa girman hatsarinsu. Wasu ta haramta su gaba ɗaya, kamar ba 'yan ƙasa maki bisa halayensu domin a fifita wasu a danne wasu, da kwasar hotunan fuskokin mutane barkatai daga intanet domin tara su a rumbu. Wasu kuma, kamar tantance masu neman aiki ko masu neman bashi, ta yarda da su bisa sharaɗin mutum ya riƙa sa ido. Ta ce a sa alama a kan hoto da murya da bidiyon da na'ura ta haɗa, masu ƙera manyan na'urori kuma su bayyana a taƙaice irin kayan da suka koyar da su da shi. Tarar laifi mafi girma tana iya kaiwa Yuro miliyan 35, ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfanin a duk duniya cikin shekara.

Ƙasar Sin ta riga Turai sauri. Ƙa'idojinta sun fara aiki ranar 15 ga Agusta 2023, daga watan Satumba na 2025 kuma ta wajabta sa alama a kan abin da na'ura ta samar. Amma a cikin ƙa'idojin akwai sharaɗin cewa abin da na'ura za ta faɗa dole ya dace da aƙidar gurguzu ta ƙasar, kada kuma ya taɓa ikon gwamnati.

Amurka kuwa, inda mafi yawan manyan kamfanonin suke, ta yi ta gaba da baya. A watan Oktoba na 2023 Shugaba Biden ya sa hannu a wani umarni da ya buƙaci masu ƙera na'urori mafi ƙarfi su nuna wa gwamnati sakamakon gwajin lafiyarsu. A watan Janairu na 2025, ranar da Shugaba Trump ya koma mulki, ya soke umarnin. Abin da alƙalami ɗaya ya kafa, alƙalami ɗaya ya rushe. Duk da haka a watan Mayu na 2025 an sa hannu a dokar da ta mai da yaɗa hotunan tsiraicin mutum ba da yardarsa ba laifi, ko da na'ura ce ta haɗa su, ta kuma ba dandalin sada zumunta sa'o'i 48 su cire su idan wanda aka ci wa mutunci ya nema.

Masu cewa a bar kasuwa ta gyara kanta

Akwai masu hankali da suke adawa da yawan doka, bai kuma kamata mu yi watsi da hujjarsu ba. Suna cewa fasahar tana gudu, majalisa tana tafiyar hawainiya, kafin a gama rubuta doka abin da aka rubuta dominsa ya canja. Suna cewa tarin takardu da sharuɗɗa manyan kamfanoni ne kaɗai za su iya ɗauka, ƙaramin mai ƙirƙira kuwa sai ya mutu tun a tsiro. Akwai gaskiya a nan. Dokar da ta ɗora wa ɗalibin jami'a mai gwada na'urar fassara nauyi ɗaya da kamfani mai biliyoyin daloli ba ta yi adalci ba.

Amma mu a Najeriya mun ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka bar abu mai hatsari ba mai tsaro. A 1990 yara sama da 100 suka mutu bayan sun sha ruwan maganin zazzaɓi da aka haɗa da sinadari mai guba. Iyayensu ba su da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar. Wannan masifa tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa hukumar NAFDAC a 1993, daga 2001 kuma marigayiya Dora Akunyili ta nuna wa ƙasa cewa hukuma mai gaskiya tana iya tunkarar masu jabun magani. Ba wanda ya ce lambar NAFDAC ta kashe sana'ar magani. Ita ce ma ta sa uwa take iya sayen magani da kwanciyar rai. Duk inda mai saye ba zai iya gwada kaya da kansa ba, mai sayarwa kuma ya san abin da mai saye bai sani ba, kasuwa kaɗai ba ta isa ba. Rigakafi ya fi magani.

Wa zai tsare mai tsaro?

Hatsari na biyu yana fitowa daga ɓangaren hukuma kanta, shi ma ba ƙarami ba ne. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa kafin umarni ya cancanci sunan doka sai ya dace da hankali, ya nufi amfanin jama'a duka, ya fito daga wanda aka danƙa wa kula da jama'a, a kuma sanar da shi a fili. Ya ƙara da cewa dokar mutum ba ta bin kowane zunubi, sai manyan laifuffukan da suke cutar da wasu. Idan muka auna da wannan mudu, dokar da ta hana a sace muryar mutum a damfari danginsa doka ce ta gari. Dokar da ta hana na'ura faɗin kuskuren mai mulki kuwa kujerar mai mulki take tsaro.

Kalmar "labarin ƙarya" makami ce mai kaifi biyu. Gwamnatin da aka ba ikon yanke abin da yake gaskiya tana iya kiran duk abin da bai yi mata daɗi ba ƙarya. Mun tuna yadda aka rufe Twitter a ƙasarmu daga watan Yuni na 2021 har zuwa Janairu na 2022. Bugu da ƙari, gwamnatoci su ma masu amfani da wannan fasaha ne, wajen leƙen asiri da sa ido a kan jama'a da farfaganda. Ko dokar Turai, duk da tsaurinta, ta keɓe ayyukan soja da tsaron ƙasa daga ikonta. Ba a ba kura ajiyar nama.

Don haka ma'aunin da muka sa wa kamfani shi za mu sa wa hukuma. Idan ma'aikata ta yi amfani da na'ura ta hana tsoho kuɗin fanshonsa, ko ta cire sunan gwauruwa daga jerin masu tallafi, dole a sami jami'i mai suna da ofis wanda zai yi bayani, da kotun da za ta iya juya hukuncin. Dokar ta fito daga majalisa bayan an saurari jama'a, hukumar da za ta aiwatar da ita kuma kada ta zama 'yar amshin shatan mai mulki. In ba haka ba, mai dokar barci ne zai ɓuge da gyangyaɗi.

Ƙasashe marasa ƙarfi

Sauran tambaya ita ce, yaya ƙasa irin tamu za ta sa kamfanin da ke wata nahiya ya amsa kira? A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta ba da rahoton cewa ma'aikata a Kenya sun yi aikin karanta munanan rubuce-rubuce suna yi musu alama domin a tsabtace ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a sa'a. Guminmu da bayananmu suna shiga cikin na'urorin, amma ba a ƙasashenmu ake yanke shawara ba.

Duk da haka hannunmu ba a ɗaure yake ba. A ƙarshen Maris na 2023 hukumar kare bayanai ta Italiya ta dakatar da ChatGPT, kamfanin kuma ya yi gyare-gyare kafin a maido da ita bayan kusan wata guda. Najeriya ta sami dokar kare bayanan mutane a watan Yuni na 2023, a 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220. Najeriya tana cikin ƙasashe 28 da suka sa hannu a sanarwar Bletchley a Ingila a watan Nuwamba na 2023, Tarayyar Afirka kuma ta amince da tsarinta na nahiya a birnin Akara a watan Yuli na 2024. Sai dai sanarwa alkawari ce kawai, ba ta da haƙori. Shi ya sa a saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairu 2024, Paparoma Faransis ya roƙi al'ummai su ƙulla yarjejeniyar da za ta zama tilas a kan kowa. A watan Yuni na wannan shekara ya je taron manyan ƙasashe 7 a Italiya, abin da wani Paparoma bai taɓa yi ba, ya gargaɗe su kada a bar wa na'ura shawarar ɗaukar ran mutum. Paparoma Leo na 14, bayan zaɓensa a watan Mayu na 2025, ya bayyana cewa ya ɗauki sunan ne yana tunawa da Leo na 13, wanda a 1891 ya tsaya wa ma'aikata a zamanin masana'antu, gama yana ganin wannan fasaha ta kawo wa mutuncin ɗan Adam da aikinsa gwaji irin wancan.

Abin da ya rage a hannunmu

Bayan an gama da kamfani da hukuma, saura ubangijin bijimi na uku, wato mu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na'ura tana iya haɗa muryar malami ko ta limami ko ta fasto tana zagin addinin wasu, amma ba ta iya kai ta gidaje dubu sai da yatsunmu. Mu da muke zaune a garuruwan da jita-jita ta sha ƙona kasuwanni da wuraren ibada mun san farashin magana ɗaya da ba a tantance ba. Doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur, ba ta tambayar da wane kayan aiki aka yi ƙaryar. Wanda ya tura saƙon da bai tabbatar ba ya sa hannunsa a kai, kamar lauyoyin nan na New York.

Saboda haka bari mu ɗauki wasu halaye. Idan murya ta zo a WhatsApp tana neman kuɗi da gaggawa da sunan ɗa ko ɗan'uwa, mu kira shi a lambar da muka sani kafin mu tura ko kwabo. Idan bidiyo ya zo yana tafasa mana jini a kan maƙwabtanmu, tafasar nan kanta ta zama mana dalilin dakatawa. Iyaye da malamai su koya wa yara cewa haɗa hoton 'yar ajinsu a wulaƙance cin mutunci ne, ko da wasa aka yi. Zumuntar mata da ta matasa su ware lokaci su tattauna waɗannan abubuwa, masu sani su koya wa tsofaffi. Idan kuma 'yan majalisarmu suka kawo ƙudurin doka a kan wannan fasaha, mu yi musu tambayoyi biyu. Wanda aka cuta, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Ita gwamnati, idan ta cutar, wa zai kama ta?

Dokar da ta amsa waɗannan tambayoyi biyu ta cancanci goyon bayanmu. Wadda ta kasa amsa su, komai yawan shafukanta, ta bar bijimi a sake cikin kasuwa. Allah ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa, ya kuma ba mu zuciya mai son gaskiya. Amin.